Dinyar da ta hau kaminar Jatau

Jatau bai gaji zama ba. Ya tsinci auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, ya yi dako a Bahri, ya sayar da gawayi a kasuwar Umdurman, ko'ina sai ƙafa ta yi masa ƙaiƙayi. Matarsa Fatna ta gaji da ɗaure tukwane, ta rantse in bai gina mata ɗaki nata ba kafin kaka, gidan yayanta za ta koma.

Shi ya sa ya sauka bakin Nilu ya buga tubali, ya jera shi kamina, tulin da ake cinna wa wuta ya gasu. Ana jibi za a kunna sai ga dinya ta yi sheƙa a can ƙololuwa, inda kare ba ya kaiwa, ruwa ma haka. Ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta hau kwanci. Namijin yana ƙasa yana gadi, kowa ya matso ya sha huci.

Ga kogi yana tasowa, ya yi ja, ɗanyen tubali kuwa bai san wasa da ruwa ba. Jatau ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Ita ko gezau, sai dai ta juya ƙwai da baki, in za ta kiwo ta lulluɓe su da gashi. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ba shi tausayi.

Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ake yi wa ƙwan zabi. Da dinyar ta tafi kiwo ya kwashe ƙwan a hula, ya cusa wa kazar Fatna da ke kan nata, ya cinna wa kaminar wuta. Yini guda dinyar tana kewaya hayaƙi tana kuka.

Kaza mako uku ta sani, dinya kuwa sai wata. Da 'yan tsakinta suka fito, kazar ta kakkaɓe jiki ta yi gaba. Ƙwan dinyar suka huce. Jatau ya fasa ɗaya, ya tarar da ɗa cikakke, har da baki da gashi.

Fatna ta leƙa, ta kira shi da sunan ɗansu yadda ake yi a can, ta ce, "Abu Hadi, kai da ba ka taɓa zama ba, ina za ka san tsawon kwanci?"

Ɗaki ya ginu, Fatna ta zauna. Shi kuwa har ya tsufa, in dinya ta gifta tana kuka, ajiye lomarsa yake yi ya fita waje.