Mazurarin Malam Hudu

Duk mai injin niƙa a Dutsin-Ma ya san Malam Hudu, maƙerin da ke buɗa bakin ƙarfe. Shi ke ƙera mazurari, tun daga ƙaramin na masu man gyaɗa har babban da ake zuba hatsi a kan inji. Sai dai mazurarinsa kullum a karkace yake, ya ɗan kwanta dama. Abokan wasa har cewa suke ƙarfen ma gajiya yake yi a hannunsa. Murmushi kawai yake yi.

Da can ba haka aikin yake ba. Buɗa bakin babban mazurari aikin mutum biyu ne, ɗaya na juya ƙarfen a kan uwar maƙera, ɗaya na bin gefen da guduma. Wansa Rabe ke juyi, shi yana dukan, ko magana ba sa yi, baki ya fito daidai kamar faifai. Da mahaifinsu ya rasu sai gardama ta tashi kan uwar maƙerar. Rabe ya bar masa ita ya koma Kurfi, kuma taurin kai gadon gidansu ne, babu wanda ya nemi wani.

Hudu ya gwada masu juyi iri-iri. Wani gaggawa, wani tsoron yatsunsa. A ƙarshe ya haƙura yana juyawa da hagu yana duka da dama. Kewar Rabe kuwa ba ta taɓa sakinsa ba, musamman in guduma ta sauka inda ƙarfe bai iso ba.

Wata ranar kasuwa Hajiya Murja, mai niƙa daga Tamawa ta wajen Kurfi, ta kawo gyaran mazurari. Yana ɗauka ya ga ya kwanta hagu. Rabe bahago ne. Ashe shi ma bai sami abokin aiki ba.

Ya tambaye ta mai ƙirar. Ta ce Rabe ne, ai da yana nan da ba ta taso har Dutsin-Ma ba.

Hudu ya tambaya ko rasuwa ya yi.

"Shina da rai, Malam," in ji ta. "Idanu ne suka tahi. Kullum shina zaune bakin rumfa, ba mai kawo mashi aiki."

Hudu ya daɗe yana shafa gefen mazurarin. Sannan ya kira ɗan acaɓa, suka ɗaure uwar maƙerar a bayan babur, za su Kurfi wajen Rabe. Maƙwabcinsa ya ce makaho me zai yi da ita.

"Yaya Rabe bai taɓa duban ƙarfe ba in shina juyi," in ji Hudu. "Ni yake saurare."