Makullin da ya daina buɗewa

Tun safe nake fama da kwamfuta a ofishinmu na Gwallameji, magana ɗaya take maimaita mini: ba ka da izinin shiga.

Akwai ɗan sikirif, wato ƙaramar manhaja, da na rubuta, shi ke tura aikinmu kullum ta manhajar Git zuwa saba, babbar kwamfutar kamfani, da makullin sirri mai sunana. Bai taɓa ba ni kunya ba sai yau.

Na ce ko makullin ne ya lalace, na haɗa sabo. Ya ƙi. Na tura aikin da hannuna, nan ma aka koro ni.

Sai na leƙa wajen Malam Sabo, mai kula da sabar.

"Malam, duba mini, kamar akwai kuskure a izinina."

Ko allon bai kalla ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kuskure ba ne, Injiniya. Alhaji bai gaya maka ba? Tun jiya ya sa aka cire sunanka. Ɗan ƙanwarsa zai hau kujerarka."

Alhajin nan fa, mai kamfanin, da safen nan muka ci masa da miya a faranti ɗaya. Ya tambayi iyali, ya tambayi jikin mahaifiyata, har da sa mini albarka.

Wai nauyina yake ji, shi ya sa bai gaya mini ba.

Na'urar da na wuni ina zagi ita kaɗai ta iya gaya mini gaskiya. Jama'a, wannan kunya ce ko rashin imani?