Mita Ce ko Ƙara? Jinjina ga Goggo Kesha

Kafin a buɗe ƙofar asibitin da ke bakin tashar jiragen ruwa, Goggo Kesha ta riga ta iso. Takan goge teburinta da gefen mayafi, ta ajiye kofin shayi, sannan ta jawo kujerar baƙi ta matso da ita gefenta. Ba ta yarda a ajiye kujerar a gabanta ba. Wai marar lafiya ba ɓarawo ba ne da za a zaunar da shi ana ƙare masa kallo.

Aikinta tafinta. Masunta da ma'aikatan jirgi da ake kawowa, yawancinsu yaren Fotugis suke ji. Likitoci da Turanci suke aiki, ma'aikatan jinya kuma da Hausa suke gulmarsu. Ita ce a tsakani. Sunan ma daga aikin ya fito: kullum ana jin ta tana tambayar mutum *queixa*, wato abin da ke damunsa, masu shara suka ji kamar "kesha", shi ke nan ya bi ta har bakin jikokinta.

Na daɗe ina son sanin inda ta koyi yaren. Da na tambaya sai ta ce, "A ɗakin aure, ɗana. Marigayi ma'aikacin jirgi ne, kuma Allah bai yi mai mita irinsa ba. Miya ta yi gishiri, ruwan wanka ya huce. Kafin in iya cewa ina son ka da yarensu, na haddace kalmomin ƙorafi kaf." Ta yi dariya, ta share gefen ido.

Ni da na zaci kalmomin soyayya ne kaɗai suke hawa-hawa, a wurinta na ji ashe kuka ma haka yake. Akwai *resmungo*, gunagunin da Bature ke ce wa *grumble*, mai shi ba ya jiran amsa. Akwai *desabafo*, amayar da abin da ya cunkushe a ƙirji, wannan kunne kawai yake nema. Akwai *reclamação*, ƙara ce sosai, a kira mutum a tuhume shi. Abin da ya fi ɗaure min kai, Turanci yakan zuba ciwon jiki da kai ƙara a kwano ɗaya, ya kira su *complaint*.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin, ita ta ba ni labarin nan. Lokacin tana sabuwa, ana gwada ta, kuma dokar wurin ita ce wanda aka kai ƙararsa yana cikin gwaji sai ya kama hanyar gida. Aka kwantar da wani tsohon masunci da ƙugiya ta yage masa dantse. Kullum Yaya ta zo wanke ciwon sai ya yi ta faɗa, ita ba ta jin abin da yake cewa. Ran nan ya ture tiren magani, kwalabe suka tarwatse. Babbar Sista ta aika a kira Goggo.

Tsoho ya buɗe baki, Goggo tana juyawa tiryan-tiryan. "Ya ce tana ɓare bandeji kamar mai feɗe kifi. Ya ce sauri take kamar an biyo ta."

Yaya ta matso ta yi ƙasa da murya. "Goggo, ki rufa min asiri."

"'Yata, bakinsa aka ba ni aro. Ba ni da ikon rage masa ko ƙara masa."

Goggo ta ci gaba da juya maganar tsoho: "Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai, duk sanda ya yi ihu sai ta ce masa ya yi barci, kamar tana lallashin jariri."

Yaya ta rantse ba ta taɓa faɗa ba. Goggo ta dube ta. "To me kike ce masa?"

"Sannu kawai nake cewa."

Goggo ta dafe kai. A yarensu *sono* barci ne. Duk kwanakin nan yarinya tana jajanta masa, shi yana jin ana ce masa ya rufe ido ya yi wa mutane shiru. Da ta fayyace masa, tsoho ya kalli rufin ɗaki, kunya ta kama shi. Amma dantsensa bai daina zogi don an gano kalma ba.

Babbar Sista ta ce, "Na ji. Yanzu *complaint* yake kawowa ko kuwa? Ina son amsa ɗaya."

A nan ne nake cire miki hula, Goggo. Amsar tana bakinki, da kin ce mita ce ta tsofaffi ba wanda zai kama ki. Sai kika juya wurin mai ciwon, kika jera masa kalmomin yarensa, kika gaya masa abin da kowace za ta jawo wa yarinyar da ke tsaye. Kika naɗe hannu kika jira.

Tsoho ya dubi dantsensa, ya dubi Yaya. Can ya yi magana, Goggo ta juya: "Ya ce gunaguni ya yi kaɗan, don da gaske hannunta da zafi. Ƙara kuma ta yi yawa. A koya mata ta riƙa jiƙa bandeji kafin ta ɓare, kuma kar a canza masa ita, ya riga ya saba da muguntarta."

Sista ta danne dariya. Ba a sallami Yaya ba. An tsawaita gwajinta, aka haɗa ta da wata babba tana duba hannunta. Ta yi fushi da Goggo, ta jima tana ratse teburinta ba gaisuwa. Goggo ba ta bi ta da ban haƙuri ba.

A makon jiya Goggo ta ajiye aiki. Wurin sallama, Yaya, wadda yanzu ita ke koya wa sababbi wankin ciwo, ta durƙusa gefenta ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta. "Goggo, da ya ce ƙara yake kawowa fa?"

"Da na faɗa yadda ya faɗa. In na tashi aiki in biyo ki gida in taya ki kuka."

Ke ce kunnen baƙo, Goggo, ke ce bakin wanda harshensa ya maƙale a ƙasar mutane. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Mu kuma da ake kawo wa kuka a ofis, a shago ko a tsakar gida, mu koyi tsayawa mu tambayi mai shi irin kukan da yake yi. In ya faɗa, mu isar da shi yadda ya ba mu, ko da a kan namu zai faɗo.