Motar Baffa Mai Durƙuso

Jiya na ga raƙumi yana tashi, baya kafin gaba, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai.

Zamanin da kuɗin fetur ya shigo, kowa sabuwar mota yake nema. Shi kuwa ya ƙwallafa rai a kan wata tsohuwar motar Faransa ta wani malami Batangale. In an kashe ta sai ta durƙusa, in an tayar da ita ta ɗago a hankali.

Da ya saye ta, koren man da ke ɗaga ta ya ƙare. Babu irinsa duk Gombe, sai ya zuba mata man birki. Ba ta ƙara tashi ba.

Kullum bayan la'asar nakan kai masa shayi cikinta, a ƙofar gidanmu a unguwar Shamaki. Kujerun na ƙanshin tsohuwar fata. Ya murɗa makulli, mu yi ta jira.

"Baffa, mu haƙura mana."

"'Yar nan, babba ba ya tashi a firgice."

Motar tana nan durƙushe, ni kaɗai ke share mata ganyen darbejiya. Allah ya tashe ka cikin salihai, Baffa, ba a firgice ba.