Na Jika Ne

Da hantsi ne, ranar Laraba, inuwata tana taki tara. Na tabbata da haka domin kullum sai na auna ta da ƙafa, kamar yadda kakana Malam ya koya mini kafin ya tafi Makka a ƙasa. Ina cikin awon wata hajiya 'yar Maigatari ta yi sallama a gidanmu na Gumel, da ƙunshi a hannunta. A shekarar ne aka ce jirgin ƙasa ya iso Kano, ni kuma ina da shekara goma sha biyu.

Ta ce ta baro Malam lafiya, ya ba ta saƙo. Suka shiga ɗaki da Kaka, matar Malam, suka jima suna gaisawa, sannan aka kira ni. A cikin ƙunshin akwai busassun 'ya'yan itace guda biyar, baƙaƙe masu tamoji, kamar ɗinya amma sun fi ta girma, da 'yar takarda ta ajami. Maza duk suna sharar gona, a cikin matan da ke gida ranar kuwa ni kaɗai ke iya karanta wasiƙa. Ga maƙwabta sun cika tsakar gida, ni kuma ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Ranar dai na daure na karanta da ƙarfi:

"Gaisuwa da aminci. Wannan sunansa buhara. Na jika ne."

Aka yi shewa. Kaka ta dube ni, ta dubi hajiyar, ta zuba mini su a tafin hannu.

"To, kin ji," in ji ta. "Shekara arba'in ina tuƙa masa tuwo, ya tsallake ni ya aiko wa mai awon inuwa."

Ɗaya nake ci a rana, a bayan rumbu, ina tsotsa har sai ƙwallon ya yi fes. Zaƙi da ɗan tsami. Ƙwallayen na ƙulle su a tsumma, na ce in Malam ya dawo sai ya tarar da bishiya.

Da ruwan shuka ya sauka na binne na farko a bayan rumbun. Ban bar shi ya huta ba, duk bayan kwana uku sai na tone in ga ko ya tsage, har gara ta riga ni. Na biyu na sa shi kusa da makwarara, ya ruɓe. Na uku ban san inda kaji suka kai shi ba.

Bayan girbi na fito da takardun Malam daga gafaka zan shanya su saboda gara. A ciki na ga wata da ya rubuta magunguna da ajami. Layin farko ya ce a jiƙa sassaƙe a sha. Na tsaya a kan kalmar. Da kaf lasan ya rubuta ta, ba da ƙaf ba. Na bi takardar layi-layi: ƙasa, ƙaya, ƙoƙo, duk da kaf lasan. Ashe a hannun Malam jika da jiƙa rubutunsu ɗaya.

Kaka kuwa ta daɗe tana fama da taurin ciki. Takan yi kwana uku tana riƙe da kwiɓi, tana shan jiƙon tsamiya da filasko. Mutum yana can wata uwa duniya ya tuna da cikin matarsa, ya aiko da magani na jiƙawa, ni na karkatar da harafi ɗaya na cinye.

Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko wasiƙar na karanta ta ya fi sau ɗari, yau ta ce jika, gobe ta ce jiƙa. In na ji Kaka ta yi nishi sai hadda ta kwance mini, in maimaita aya ɗaya har goggona da ke biya mana karatu ta ce ko aljanu ne suka shafe ni. Dabara ɗaya ta rage mini: in tsirar da bishiyar, ta yi 'ya'ya, in jiƙa wa Kaka da hannuna, sannan in faɗa.

Saura ƙwallo biyu. Na ga ɓawon ya yi tauri, sai na fasa da dutse. Na farko na dagargaza shi har ƙwayar. Na ƙarshe na bi shi a hankali, ƙwayar ta fito lafiya. Na tuna hajiyar ta ce daga ƙasashen sanyi ake kai shi Makka, don haka na tura shi cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Can ya yi duk watannin ɗari.

Wata safiya na ga farin tsiro ya leƙo. Na mayar da shi bayan rumbu da yashinsa, na zagaye da ƙaya saboda awaki, na barbaɗa toka saboda gara, na kafa masa guntun zana ta yamma. Ruwan alwalata a kansa nake zubarwa. Ya kai tsawon kamu ɗaya, ganye goma sha ɗaya, masu tsaga-tsaga a baki. Ba mai irinsu a duk Gumel.

Kaka takan leƙo ta ce, "Ƙawata, wannan ɗan naki yaushe za a yaye shi?" In sunkuyar da kai.

Sai bazara ta shigo. Bakin ganyen ya fara ƙonewa. Na ƙara zana, na ƙara ruwa, na rufe gindin da ƙaiƙayi. Ganye ya koma tara, shida, huɗu. Da azahar ina zaune a kan allo amma hankalina yana bayan rumbu, in tashi in duba, in dawo, in sake tashi. Ranar da ganyen ƙarshe ya faɗi na kankare ɓawon da farce, ban ga kore ba.

Na tarar da Kaka tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa, na ajiye busasshen tsinken da wasiƙar a gabanta. Sannan na ce:

"Kaka, ina jin ba jika Malam ya rubuta ba. Jiƙa ne. Maganinki ne na cinye. Ko kuwa... ke me kika gani?"

Ba ta ko tsayar da mazarin ba.

"Sai yau? Ai tun a ɗaki hajiyar ta gaya mini da baki, a jiƙa kwana ɗaya a sha ruwan. To ke da ba a jin muryarki, ranar kika buɗe baki gaban mutane, sai in ce kin yi ɓata? Da ba ki sake karanta ko bisimilla da ƙarfi ba. Tashi ki ɗebo tsamiya a rumbu. Wannan kam ta jiƙa ce, kada ki shuka mini ita."