Ruwan da Bai Bi ta Baki Ba

Wata Laraba ce cikin damina, bayan sallar magariba, a gidanmu na zangon Sokode, a ƙasar Togo. Mu huɗu ne a gindin murhu: ni, da yayana Musa, da ƙanwar babanmu Gwaggo Rabi, sai kakarmu Hawa tana gasa doya. Kaka ba ta fara tatsuniya sai ta juya doyar sau ɗaya, sannan ta ce, "Ku matso, wannan ba ta son nesa."

Ta ranar a kan wani Tanko ce, mai yasar yashi a rafi. Yakan shiga ruwa iya wuya, ya cika kwando, ya miƙa wa na bakin gaɓa, tun hantsi har azahar. Abin alfaharinsa ɗaya ne: ruwan rafi bai taɓa shiga bakinsa ba. Da rafi ya gaji da jin wannan magana, sai ya ce, "Ka rufe mini baki, ina da wata ƙofa." Wata safiya mai sanyi Tanko ya fito yana haki, yana tarin kumfa mai ja-ja kamar yawun goro. Jama'a suka kwantar da shi suna danna cikinsa, yadda ake yi wa wanda ya nutse. Babu abin da ya fito, numfashi kuma sai ƙara guduwa yake. Wata mai sayar da koko ta ture su ta ce, "Wannan bai sha ruwa ba. Ku zaunar da shi." Ta jingina shi da bishiya, ta cire masa jiƙaƙƙiyar riga, ta lulluɓe shi da zanenta. Washegari ƙirjinsa ya buɗe.

Na ce, "Kaka, ta ina ruwan ya shiga?"

Ta ce, "Kai mijina, tambaya kamar jandarma. Ci doyarka."

"To ta kunne?"

"Da ta kunne ne, kai da ba ka jin magana da ka tsira."

Gwaggo Rabi ta yi dariya har da tari. Ni dai na kwana da tambayata, na kuma girma da ita.

Bayan shekaru da yawa, Kaka ta daɗe da rasuwa, na kai wa Yaya Musa ziyara a Dapaong, inda yake koyarwa. Yana fama da tansiyo, wato hawan jini, da ciwon gwiwa, an kuma ba shi shawarar motsa jiki cikin ruwa. Bai iya iyo ba, don haka yakan je wurin wanka na wani otal ya yi ta sassarfa cikin ruwa iya wuya. Ran nan an kwana ana ruwan sama, ga shi ya shanye manyan kwalaben ruwa biyu kafin ya shiga. Ina zaune ina kallonsa, kansa bai nutse ko sau ɗaya ba. Can ya kama bakin wurin yana tari, na ga kumfa mai ja-ja a tafin hannunsa.

Ma'aikatan otal biyu suka fito da shi suka shimfiɗe shi, ɗaya ya ɗora hannu a cikinsa. Leɓɓansa sun fara sauya launi. Na ce, "Bai sha ruwa ba. Ku zaunar da shi." Sai da na faɗa na gane maganar wa na ara. Muka jingina shi da bango, muka lulluɓe shi, aka samo mota maimakon zemijan, wato babur ɗin haya, muka nufi asibiti.

Bayan an sa masa iskar taimakon numfashi, na yi wa likitar da ta duba shi tambayar da na yi wa Kaka. Ta ce ruwan na jikinsa ne. Idan mutum ya shiga ruwa iya wuya, nauyin ruwan da sanyinsa kan tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji. In ga aikin ƙarfi, ga hawan jini, ga ruwan da aka sha da yawa, zuciya kan kasa kwashewa, sai ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyi zuwa huhu. Kwanciya kuma ƙara shi take yi.

Yaya Musa ya ɗaga robar iskar da ke hancinsa ya ce, "Wato ni ne Tanko."

Abin da ya rage mini shi ne yadda matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san launin kumfar da kuma zaman da ya dace. Dabbobin tatsuniyoyinta duka suna magana, amma wannan kaɗai ke da bayani dalla-dalla kamar na wanda ya gani da ido. Na buga wa Gwaggo Rabi waya.

Ta ce, "Sai yanzu ka gane? Wa kake tsammani ke sayar da koko a bakin rafi?"

An sallami Yaya Musa bayan kwana biyu, aka sa masa ranar gwajin zuciya. Kakanmu kuwa, wato Tankon tatsuniyar, in ji Gwaggo, bai sake shiga rafi ba. Ya auri mai kokon, ya koma ɗinki, kekensa na nan a zauren gidan har yau.