Matar da Ko Kallon Cakin Ba Ta Yi Ba

A filin sofbol na 'yan mata da ke Tulsa, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, Rhonda ta kasa ɗauke ido daga wata mata da ke zaune bayan raga. Rana ta gasa mata wuya, yatsanta ɗaya a karkace, da gani tsohuwar mai cafe ƙwallo ce. A hularta akwai tambarin jami'a, irin masu ɗaukar 'yan wasa karatu kyauta.

Waɗanda suka ci gasar suna ta ɗaga ƙaton cakin kuɗin kyautarsu, amma matar ko kallo. Idonta na kan Tamsin, 'yar Rhonda, wadda aka fitar da ƙungiyarsu, tana share wa ƙawarta hawaye.

"Waccan ko murmushi sai an biya ta," in ji Dale, mijin Rhonda. "Tashi mu tafi, an cinye mu."

Dokar ɗaukar 'yan wasa ta hana matar yi musu magana bana, don shekarun Tamsin ba su kai ba. Wataƙila ita ma matar, ranar da aka cinye su jami'a ta tsinto ta. Sai kawai ta karkato takardar sunayen da ke cinyarta, kamar ba da gangan ba. Rhonda ta leƙa. An zagaye sunan Tamsin da biro, har sau biyu.

"Dale," in ji Rhonda, "wa ka ce an cinye?"